Turawan Roba na Kasuwar Mont-Bouët

Duk mai neman inda Turawa suka fi yawa a Libreville, kada ya wahalar da kansa zuwa unguwar Sablière. Ya nufi kasuwar Mont-Bouët. Can zai same su jere a ƙofar shaguna tun safe har magariba, farare sol, da shuɗin ido da siririn hanci, sun sha atamfa da shadda da leshi, wasu har da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya. Ba sa ci, ba sa sha, kuma duk tsananin da ake yi wa baƙi a garin nan kan takardar zama, ba a taɓa tsayar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Mutum-mutumin roba ne, irin wanda Hisbar Kano ta hana teloli da masu shaguna ajiyewa a 2021. A nan kuwa su ne manyan 'yan talla.

Ka tsaya wurin wani tela daga cikin mutanenmu ka tambaye shi: "Malam, yaya duk 'yan tallanka Turawa ne, alhali ko Baturiya ɗaya ba ta taɓa kawo maka ɗinki ba?" Sai ya waiga ya dube su kamar yau ya fara ganinsu. "Wallahi Alhaji ban lura ba. Haka suke zuwa a kwantena." Ya ɗan nisa, sannan ya ƙara da cewa: "Kuma ka san kaya sun fi fitowa a jikinsu." Bawan Allah bai ƙi kowa ba, bai raina kowa ba. Shi kansa baƙi ne wuluk, matarsa baƙa, kuma ba a isa a zagi baƙar fata a gabansa ba. Idonsa ne kawai ya yanke hukunci bai shawarce shi ba.

Abin ya fi ban dariya idan aka tuna asalin garin. A 1849 Faransawa suka kafa shi don zaunar da bayin da aka ƙwato daga wani jirgin fataucin bayi mai suna Elizia. Ranar 17 ga Agusta 1960 Bature ya sauke tutarsa, amma ya bar mana aron idonsa, mu kuma da yake mutanen kirki ne muna ta adana masa har yau.

A yi wa Baturen adalci: sau da yawa bai zauna ya ƙulla mana sharri ba, hannunsa kawai ya duba ya ɗauka haka hannun duniya yake. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji ɗauke da hoton wata farar mace, ana kiran katin Shirley. Idan fuskarta ta fito daidai, to injin ya daidaita. Shi ya sa a tsofaffin hotunan gidajenmu kakanninmu ba a ganin komai nasu sai ido da haƙora. Da aka zo gyara, ba kukan baƙar fata ne ya fara tayar da kamfanin ba. Masu sayar da cakulan da masu kujerun katako ne suka yi ƙorafin cewa kayansu ba sa fitowa da kyau a talla. Wato sai da cakulan ya kai ƙara sannan muka samu shiga. Allah ya saka wa cakulan da alheri.

Haka filastar da ake liƙawa a ciwo. An yi ta ne da launin da zai ɓace a jiki, kada a gane mutum ya ji rauni. A jikinmu kuwa tun daga ƙarshen layi za a hango ta ana yi maka sannu. Kamfanin da ke yin filastar Band-Aid ya yi kusan shekara ɗari yana sayar da ita kafin a 2020 ya sanar cewa zai fito da masu launin fatar sauran 'yan Adam. A 2017 wani ɗan Najeriya, Chukwuemeka Afigbo, ya yaɗa bidiyon na'urar zuba sabulu da ke ba farin hannu sabulu nan take, ta yi biris da baƙi, sai da aka miƙa mata farar takarda sannan ta saki. Duniya ta yi dariya. Dariyar ta ragu a ƙarshen 2020, lokacin da likitocin Jami'ar Michigan suka nuna cewa ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar jini yana kuskuren gano ƙarancinta a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da a jikin farare. Sabulu dai ana iya haƙura da shi.

Ko taswirar da ke rataye a azuzuwanmu, wadda Mercator ya zana a 1569, tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da ikwaita, har Girinlan ta yi kafaɗa da Afirka da ta ninka ta sau 14. Gabon da ikwaita ya ratsa ta tsakiya ba ta samu ƙarin ko taku ɗaya ba.

To, Bature yana da uzuri, jikinsa ya kwafa. Mu jikin wa muke kwafa?

Kamfanin da ke yin wayar Tecno ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin dabarunsa har da gyara kyamara ta riƙa ɗaukar baƙar fuska yadda take. Mun saya, mun gode, sannan muka shiga neman filtar da za ta wanke abin da injiniyoyi suka sha wahalar fitarwa. Mai hoton biki ya riga ya san aikinsa ba sai an gaya masa ba. Amarya wankan tarwaɗa za ta shiga kwamfutarsa, ta fito Balarabiya, har dangin ango su riƙa tambaya ko an sake wata ce. Katin gayyata hoton hannayen Turawa biyu ne sanye da zobe. A saman kek, ango da amarya na roba, su ma Turawa. Allon ƙaramin asibitin unguwa jaririn Bature ne yake dariya a jiki, ga shi duk jariran da aka haifa a ciki babu mai kama da shi. Watan Disamba kuma, ana gumi sharkaf a bakin ikwaita, manyan kantuna sai su shimfiɗa auduga a taga wai ƙanƙara ce, su sa wani bawan Allah rigar sanyi ja da gemun roba yana ɗaukar yara hoto, yana addu'ar Allah ya kawo ƙarshen wata.

Shi ya sa da Chidiebere Ibe, ɗalibin likitanci ɗan Najeriya, ya zana hoton baƙin jariri a cikin mahaifar baƙar mace a ƙarshen 2021, mamakin bai tsaya kan Turawa ba. Mu ma mun riƙe baki. Mun haifi 'ya'ya, mun ga jikoki, amma a can cikin ƙwaƙwalwarmu ɗan da ke ciki ja ne, kamar yadda littafin makaranta ya nuna mana.

Kada kuma mu ɗora wa Faransa komai. Ba a Faris aka ƙirƙiro "fara ko mayya ce" ba, ba kuma can aka naɗa farar mace alkyabbar mata ba. Je ka gidan barka ka gani. Kafin a tambayi lafiyar mai jego, wata gwaggo ta riga ta kama kunnen jariri tana dubawa, don wai a nan ake gane launin da zai tsaya. "Kai, Yaya, wannan farin na aro ne, dubi kunnen. Gidan ubansa ya biyo." Sai a yi shiru kamar an ce yaron ya faɗi jarrabawa. Saurayi kuma ya zo wa uwarsa da maganar aure, tana tambayar asali da tarbiyya, shi yana ta maimaita hujja ɗaya: "Inna, fara ce fa."

Inda ake wannan ciniki, dole mai man bilicin ya yi gida. A Fabrairun 2023 Gabon ta haɗa kai da Jamaika da Siri Lanka a wani shiri na dala miliyan 14, tare da hukumomin lafiya da muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, don raba mutane da mayukan da ake zuba wa zaiba. Zaiba tana hana fata yin launinta, sannan ta zarce ƙoda da jijiyoyi ta ci gaba da aiki. Yarjejeniyar Minamata ta daɗe da sa mata iyaka a kayan shafa, amma yarjejeniya ba ta zuwa gidan biki. Hajiya mai shafa man ta san illar sarai, ta ga maƙwabciyarta da fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu suka ƙi bin umarni. Amsarta ɗaya ce: "Ni ba bilicin nake yi ba, ƙanena, haske kawai nake ƙarawa."

Da za ta leƙa tarihin ƙasar da take zaune, da ta ga mutanen da suka riga ta sanin farar fuska. Punu na kudancin Gabon suna sassaƙa fuskar kyakkyawar mace da katako, su shafe ta da farar ƙasa, mai rawa ya ɗaura ya hau dogayen sanduna. Fang na arewa su ma suna da tasu farar fuskar, ta ƙungiyar ngil. Sai dai a wurinsu fari launin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, ba na masu rai ba. Irin wannan fuska ta ngil ce wasu tsofaffin Faransawa, mata da miji, suka tsinta a kayan gado suka sayar wa dillali Yuro 150, shi kuma ya kai ta gwanjo a Montpellier a Maris 2022 aka saye ta Yuro miliyan 4.2. Tsofaffin suka garzaya kotu, gwamnatin Gabon ma ta shigo tana neman kayanta, kotu ta sallame su duka hannu rabbana. Farar fuskar katako dai ta yi kuɗi. Ta Hajiya kuwa, likitan ƙoda ne zai faɗi nawa za a biya.