Hannun da Shugaba Ya Buge

A gefen fadar Kremlin a birnin Mosko akwai wani katafaren zaure da ake kira Manezh, wanda aka gina a 1817 domin atisayen sojoji da dawakai. A ƙarshen 1958 aka buɗe ƙofofinsa ga babban baje kolin zane-zane na ƙasashen gurguzu 12, daga Sin da Mongoliya da Koriya ta Arewa har zuwa Jamus ta Gabas da Albaniya. Gwamnatoci ne suka zaɓi kayan, su suka biya kuɗin dako, domin a nuna wa duniya cewa 'yan uwa sun haɗa kai, kuma mai fasaha yana da daraja a ƙarƙashin wannan tsari.

Duk bangon da ka duba, ga ma'aikaci da guduma a hannu, ga manomiya rungume da damin alkama tana murmushi. Sai sashen ƙasar Polan ya fita zakka. Cikin kayansu har da zanen da ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba, launi ne da layi kawai. Jama'a suka yi dafifi a wurin, masu sharhin hukuma suka yi ta tsaki, amma da yake kayan baƙi ne, aka bar su a rataye.

Ran 1 ga Disamba 1962 shugaban Tarayyar Soviet Nikita Khrushchev ya shiga wannan zaure. A wannan karon 'yan gida ne suka baje nasu. Da ya hau bene ya ga irin wancan zane, sai ya hau su da faɗa da ashar a gaban muƙarrabansa, har yana cewa jaki ma da wutsiyarsa zai yi abin da ya fi wannan. Cikin waɗanda aka ci wa mutunci akwai wani mai sassaƙa, Ernst Neizvestny, tsohon soja da ya sami mummunan rauni a 1945 yana yi wa ƙasarsa yaƙi. Ya tsaya ƙyam ya kare aikinsa, ido cikin ido. Daga ranar kuma ƙofofin aiki suka yi ta rufe masa.

A 1964 abokan Khrushchev suka tumɓuke shi daga mulki. Da ya rasu a 1971 ba a binne shi a gindin katangar Kremlin inda ake ajiye manya ba, sai a maƙabartar Novodevichy, ba ganga ba kakaki. Da iyalinsa suka tashi neman wanda zai sassaƙa dutsen kabarinsa, ƙofar Neizvestny suka ƙwanƙwasa. Duk da zagin da ya sha, bai ƙi ba. Ya saƙa farin dutse da baƙi a jikin juna, ya dasa kan shugaban na tagulla a tsakani, alamar mutumin da ya haɗa alheri da sharri.

Duk mai mulkin da ke aika wa mawaƙi da mai zane mota ranar da baƙi za su zo, ya manta hanyar gidansu da zarar taro ya watse, ya kuma ci zarafinsu in suka faɗi abin da bai so ji ba, to ya sani mulki yana da wa'adi. Ranar da fadawa suka watse, hannun da ya buge shi ne zai tsara fuskar da jikoki za su san shi da ita.