Ƙofar da Mai Shago Ya Rufe

Wani mai shagon kwamfuta a Unguwar Romi ya gaji da samarin da ke shanye masa data da kiran bidiyo. Sai yaron shagonsa ya tsegunta masa cewa intanet ma ƙofofi gare ta, masu lamba har 65535: kiran WhatsApp yakan bi ta 3478, saƙonni ta 5222. Gogan naka ya garƙame duka biyun, yana ta washe baki.

Saƙonni suka zagaya ta 443, inda shafukan banki da na JAMB ke bi. Ita ma ya rufe ta. Ranar ko takardar jarrabawa ɗaya bai buga ba. Samarin kuwa suka kunna datarsu, suka miƙe ƙafa a bencinsa, suna shan iskar fankarsa kyauta.