Mutanen Bencin Mai Shayi

Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar Bauchi a shekarar 2001, zamanin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, mai neman kwalba sai dai ya nufi gefen gari ko kasuwar mami ta barikin soja. Mu sauran jama'a, daga Wunti zuwa Jahun, daga Nasarawa zuwa Fadaman Mada, mashayarmu teburin mai shayi ce. Can ake haɗuwa bayan isha'i, a sha, a ci bashi, a yi musu har jijiyar wuya ta tashi, a watse ana tangaɗi. Tangaɗin barci dai.

Shi kansa mai teburin gwanin burga ne. Ya jera gwangwanayen Milo da Bournvita da Peak hawa-hawa, rabinsu babu komai a ciki, ado ne kawai don mai wucewa ya san jari bai karye ba. Idan ya ɗaga kofi sama da kansa ya sheƙo shayi cikin na ƙasa ba tare da ɗigo ya zuba ba, sai ya saci kallon benci ya ga ko an lura. In ba a lura ba, ya sake. Mai saurin kama motar Jos kada ya kuskura ya zauna. Kuma a wurin mai teburin wanda ya riga zuwa ba shi ke riga sha ba. Kai da ka zo a ƙafa za ka ji: "Malam, ɗan dakata, ruwan bai tafasa ba." Mota na tsayawa, mai babbar riga na fitowa, ruwan nan ya tafasa nan take. "Ranka ya daɗe, mai kauri ne irin na kullum?" Alhali yau ya fara ganinsa.

Yaronsa kuwa, Allah ya yi masa albarka, kunnensa na shiga ne da fita. Ka ce ƙwai biyu ban da yaji, ya kawo ɗaya da attarugun da zai sa ka tuna zunubanka. Wuƙarsa guda ce: ita ke yanka burodi, ita ke yanka albasa, ita ke farke ledar Indomie, in kasuwa ta lafa ita ke gyaran farce. Akwai kuma bokitin wanke kofuna da ke ƙarƙashin tebur. Da yamma ruwansa garau yake. Kafin sha ɗayan dare ya yi kauri, ya yi launi, har baƙo zai iya tambayar nawa ake sayar da kofinsa.

Wannan bokitin shi ne abincin duba-garin benci. Babu hukumar da ta ɗauke shi aiki, shi ya naɗa kansa. Yana zama zai ɗaga kofi ya haska da fitilar waya, ya shinshina burodi, ya tambayi yaushe aka gasa. Zai yi wa'azi a kan taifot, ya nuna tukunyar gas da ke gab da mai busa sigari ya ce wata rana sai an kwashe mu a buhu. Gaskiyarsa ce, maganar gas ɗin ba abin wasa ba ce, ni ma nakan matsa can ƙarshen benci. Amma shekara da shekaru bai taɓa fashin zuwa ba, kuma bai taɓa rage ko ɗigo a kofin da ya kushe ba.

Sai mai amsa bisimilla. Kowa ya san ƙa'ida: an ajiye maka wainar ƙwai, ka dubi na kusa da kai ka ce bisimilla, shi kuma ya ce alhamdulillahi, a ci lafiya. Magana ta ƙare, kowa ya fita kunyar kowa. Shi wannan bawan Allah bai san da wannan yarjejeniyar ba. Kana rufe baki yana nannaɗe hannun riga. "To, tun da ka matsa." Wa ya matsa? Ba ya zuwa da wuri, ba ya makara. Ƙamshin albasa a cikin mai ne agogonsa. Na ga magidanta masu gemu suna juya wa benci baya suna cin Indomie da sauri-sauri, suna ƙona harshe, don kawai sun hango hularsa ta ɓullo daga lungu. Wasu sun koma faɗin bisimillar a zuci. Bai dame shi ba, ya kan taya su faɗa a fili.

Mai bashi tsohon iri ne, yana da shafinsa a littafin da ke ƙarƙashin gwangwanin sukari, kuma shi ya fi kowa tsawa: "Mai shayi, ƙara madara mana, sadaka kake ba ni?" Amma ya samu ƙane tun farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, masu shayi suka liƙa lambar OPay ko Moniepoint a jikin tebur. Sunan ƙanen "Na tura". Zai ci, ya sha, ya daddanna waya, ya haska wa mai shayi fuskarta daga nesa. "Ka gani ko? Ya fita daga wajena. Matsalar sabis ce, zai shigo." Mai shayi ya bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya koma kallon tasa wayar har asuba.

Wanda ya fi kowa cin wuri shi ne mai ruwan bunu. Kofi ɗaya, babu madara, babu burodi, amma da shi zai riƙe tsakiyar benci tun daga isha'i har a kife tukunya. Kuɗin zamansa da baki yake biya. Shi ne ya san yadda Isa Yuguda ya kayar da PDP a 2007, ya san yadda Ƙauran Bauchi ya tuɓe M.A. Abubakar daga kan kujera a 2019, kuma duka biyun, in ji shi, a kan wannan bencin ya faɗa tun kafin a buga ƙuri'a. "Mu Bauchi ba a yi mana dole," zai ce, ya kurɓi shayin da ya daɗe da hucewa. Abokin karawarsa dattijon Wikki Tourists ne, wanda agogonsa ya tsaya a 1998, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa. Samari na musun Arsenal da Barcelona, shi yana girgiza kai: "Yara, ba ku ga ƙwallo ba." Mai shayi ba ya korar ko ɗayansu, don benci mai hayaniya shi ke jan mai wucewa.

Ɗalibin jami'ar ATBU ko na kwalejin kimiyya da ke Gwallameji ba shi da wahalar ganewa. Farkon zango Indomie biyu da ƙwai biyu, yana taunawa yana waya da ƙarfi. Ƙarshen zango Indomie ɗaya, a cika ruwa, ya zo da burodinsa a aljihu. Kusa da shi akwai magidancin da ke cewa iska ya fito sha, alhali unguwa duka ta san uwargida ta yi yaji. Ba a tona shi. A tura masa sukari kawai.

Batun tsaro kuma yana da nasa mutanen. Garin da ya ga tashin bam a kasuwar mami ta barikin Shadawanka ranar 29 ga Mayu 2011, ya sake gani a babbar kasuwa a Disambar 2014, ba za a zarge shi da yawan tsoro ba. Daga wancan zamanin muka gaji mai ganin bam a kowace leda. Wani ya manta ƙunshin masa a gefen benci, shi tuni ya tsallaka kwalbati yana salati, takalmi ɗaya a hannu. Ana yi masa dariya, amma sai an ɗan ja da baya tukuna. Kishiyarsa shi ne mai sabuwar waya, wanda zai shimfiɗa ta a bakin tebur ta gefen titi don kowa ya ga ido uku ne da ita, a garin da ko yaro ya san labarin 'yan sara-suka. Dattawa su yi masa magana: "Ɗana, sa ta a aljihu." Ya ce ai nan gida ne. Ranar da aka wafce ta, shi ne kuma zai riƙe wuyan mai shayi yana tambaya ina tsaron wurin nan.

Tsaron wurin yana nan a zaune: ɗan sintirin unguwa, da gorarsa da usur da tocila mai kashe ido. Shayinsa kyauta ne, haka aka saba. Yakan fara da labarin ɓarayi bakwai da ya kora shi kaɗai a daren jiya, wanda a makon da ya wuce huɗu ne. Kofi na biyu na sauka, gora ta jingina da tebur, shi ya jingina da gora. In ka bi diddigi, masu gadin gaskiya su ne mai ruwan bunu da dattijon Wikki da mai amsa bisimilla, mutanen da ba sa tashi, sun san kowace fuska da ɗan wane ne. Baƙo na zama musu zai tsaya cak, a amsa sallamarsa da kyau, sannan a shiga: daga ina, wajen wa, yaushe za a koma. Kafin shayinsa ya huce an san sunan kakansa.

Amma mai cinikin da mai shayi ya fi shakka ba ta taɓa zama a bencin ba. Yaro take aikowa da fulas da kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu, da saƙon da ya haddace tun daga zaure: a cika, a sa citta da kanumfari, madarar gwangwani ba ta gari ba, burodin tsakiya ba na gefe ba, kuma a ba shi canji. Mai shayi ya haɗa da ladabin da ko mai babbar riga bai samu ba. Ba a jima ba sai ga yaron ya dawo da fulas ɗin, an sha ya kai rabi.

"Baba mai shayi, wai in ji Umma sukari bai ji ba, a ƙaro. Kuma wai fulas ɗin bai cika ba."