Gidan da baƙo ke ba maigida maki

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu, a Tungar Daji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Inna da ƙafarta, ya Kawu, ya ƙannena? Zancen gonar fadama da na auren autarmu mun ƙare shi a waya, kada ka sake tada shi, saƙo na hanya. Ni lafiya lau, aikin gadin dare na nan, sanyin Landan na nan, tarin ya tafi. Kuɗin sharar bana dai ban ga ƙeyarsu ba, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Gyara zama ka ji labari: ubangidanka ya zama fatoma.

Abokin zamana ya koma Birmingham ya bar ni da ɗaki fanko da kuɗin haya mai karya wuya. Mai gidan ya yarda a rubuce, sai na sa hoton ɗakin a Airbnb, inda ake ba da hayar ɗaki na kwana ɗaya ko biyu. Samari biyu suka fara abin a San Francisco ta Amurka a 2007. Haya ta gagare su, suka hura katifun iska uku a falo, suka kwantar da baƙi kan dala 80 kowane dare. Wato abin da Inna za ta kira rashin kunya, su suka mai da shi kamfani. Unguwarmu kuma Wembley ce, filin ƙwallonta na cin mutum 90,000. Ranar babban wasa ko ɗakin kaji gare ka sai an yi rububinsa. Gwamnati ba ta ɗora maka haraji kan hayar ɗaki cikin gidan da kake zaune sai abin ya haura fam 7,500 a shekara. Wanda ya ba da gidan dungum kuwa, dare 90 dokar Landan ta ba shi a shekara, in yana son ƙari sai ya nemi izini. Kada ka fara lissafi da naira, na san ka, yanzu za ka tuna kana son babur.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne taurari. A ƙasar ga, in baƙo ya ci ya sha ya kwana ya tafi, yana da kwana 14 ya zauna ya rubuta wa duniya irin tarbiyyarka, ya ba ka maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Baƙo fa! Mutumin da ya tsallako ƙofarka da takalmi! Kuma ba a sa ka sahun manyan masu masauki sai makinka ya kai 4.8, ka ga ke nan tauraro huɗu ma zagi ne cikin ladabi.

Na tarbi baƙona na farko yadda aka tarbiyyantar da mu. Sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya, ya ka baro mutan gida, ya tsofaffi, ya yara? Bawan Allah ya rungume jakarsa ya ja da baya. Da safe na ƙwanƙwasa na tambayi kwanan gajiya. Da ya tafi ya rubuta cewa ɗaki tsaf, gado lafiya, amma maigidan na da yawan bincike kan iyalin mutum. Huɗu. Da wata baiwar Allah ta sauka, na kaɗa miyar kuka da daddawar da Gwaggo ta aiko, na zuba mata a kwano mai murfi. Ta rubuta cewa a turo ma'aikata su duba ƙarƙashin daɓe, wani abu ya mutu a gidan. Daddawar Gwaggo, wadda ake aikowa nema tun daga Gummi! Uku. Wani na ajiye masa kilishi bisa matashi, ashe ba ya cin nama, ba ya shan nono, ko zuma ba ya lasa don tausayin ƙudan zuma. Wannan ban ga laifinsa ba, yunwa ce ta rubuta, ba shi ba.

Wata maƙwabciya da ta daɗe a sana'ar ta ja ni gefe ta koya min sirrin. Ka sayi ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, ka kafe shi a bakin ƙofa, ka sa mabuɗi ciki, ka tura wa baƙo lambar, kai kuma ka ɓace. Na gwada. Taubashi, biyar-biyar suka dinga zubowa. Wani har ya rubuta cewa bai taɓa samun maigida nagari irina ba, ko sau ɗaya bai gan ni ba. Yabon da ya fi kowanne tsoka a rayuwata ke nan, kuma na same shi ne don na ɓuya a kicin kamar ɓarawon akuya.

Ka karanta wa Kawu wurin nan a hankali. Shi da ke ba mu labarin Sabo ta Ibadan lokacin da yake kai shanu, inda fatoma zai ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya ajiye maka kuɗi, ya tsaya maka in mahauci ya ci bashi, bai karɓi ko kwabo na kwana ba sai la'adarsa in an yi ciniki. Ka tambaye shi tauraro nawa ya ba mutumin. Ka kuma tambaye shi nawa malamin nan ya ba zaurenmu, wanda ya sauka zai kwana uku kan hanyarsa ta Daki Takwas, har ya ga kaka biyu ya nemi a ba shi gona.

Daɗin abin, maigida ma na ba baƙo maki. Saboda haka na zauna na rubuta naka na zaman da ka yi mana a Gusau. Ga shi: ya iso ba sanarwa, ya cinye tuwon mutum huɗu ya tambayi ɗumame, munsharinsa ya tashi liman kafin ladan, ya tafi da bargo. Tauraro ɗaya, shi ma albarkacin Gwaggo.

Na san zauren Kawu na Anka cike yake da mutanenmu da suka baro ƙauyuka, na kuma san yadda aka rarraba 'yan uwa gida-gida bayan ambaliyar Gummi ta 2024, ba wanda ya rubuta wa wani rasit. Kuɗin Wembley na watan nan rabinsu na buhunan gero ne na zauren, ka kai da hannunka, kuma zan tambaya.

Sau tari sai ƙarar famfo ke gaya min akwai mutum a gidan. Ran nan dai wani dattijo ya turo ƙofa ya yi sallama, ashe ɗan zangon Kumasi ne, da Hausarsa mai lanƙwasa. Ban san sanda na fito daga kicin ba. Muka gaisa har shayi ya huce, ya cinye miyar kukar ya suɗe kwano, na riƙe shi da hira har biyun dare, ga shi da jirgin asuba. Har yau bai rubuta min komai a intanet ba, amma ya bugo waya ya ce ya sauka lafiya.

Kada ka kuskura ka gaya wa Inna ina karɓar kuɗi hannun baƙo, ka ce mata aikin otal nake yi. A ƙaro daddawa da kuka. Kai kuma in ka hau tudun da ake samun sabis, ka aiko min da saƙon murya, ka yi gaisuwa cikakkiya, tun daga gajiya har bisashe, kada ka tsallake ko ɗaya.

Naka,
Ubangidanka na Wembley