Allura Ta Tono Garma

A garinmu mace tana iya wuni a gaban talabijin tana kallon Indiya-Hausa, babu mai ce mata kanzil. Tana iya raba dare tana bin rigimar TikTok tsakanin mutanen da ko a hanya ba ta taɓa gamuwa da su ba, wannan ma lafiya lau, ai kowa na yi. Amma ranar da aka ji ta zauna da allura da zare tana ɗinka abin da ba sawa za a yi ba, ba kuma kasuwa za a kai ba, ranar dangi za su tuna suna da kati a waya. "Kin leƙa gidan Yaya kwanan nan? Anya matar nan lafiyarta ƙalau?"

Uwargidana ce ta jawo mana. Ɗinkin gicciye ta tsinta a YouTube, ya shiga ranta ya yi zaune. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani ƙyalle ne mai tauri da aka saƙa gida-gida, da ɗan huji a kowace kusurwa. Aida ake ce masa, kuma kamfanin Zweigart na Jamus ne ya yi suna a kansa. Wanda aka fi amfani da shi gida 14 ne a kowane inci. Sai a ɗame shi tamau a cikin ƙawanyar katako, a ajiye takardar zane a gefe, kowane gida da alamarsa, kowace alama da kalar zarenta. Aikin duka shi ne a cika gida da zare biyu da suka gitta juna, a wuce na gaba. Da yake ni ne mai biyan kuɗin kaya, na zauna na buga lissafi. Inci ɗaya tsawo, inci ɗaya faɗi, gida 196 ke nan. Hoto mai inci 10 ta kowane ɓangare ɗinki 19,600 yake ci, kuma kowanne sai an ƙirga shi.

Ƙirgar nan ce ta kifar da gwamnati a gidan. Da can idan na yi sallama, sannu da zuwa nake samu da ruwan sanyi. Yanzu yatsa ake ɗaga mini, wato in dakata a kai ƙarshen layi. In na ce, "Ina aka ajiye mini hulata?" sai in ji an ƙara murya: "23, 24, 25..." Yara sun riga ni gane doka, sun kuma fi ni iya cin moriyarta. Auta ya gano cewa duk abin da ya roƙa tsakanin 30 da 40, "to" ake ce masa don ya ba da wuri. Da haka ya samu izinin zuwa ƙwallo ranar Islamiyya, ya shanye madarar da aka ɓoye saboda baƙi, har ya shigo mana da ɗan kyanwa, wanda a halin yanzu shi ne babban maƙiyin zare a unguwar.

Tsananin yana da dalili. Kuskuren gida ɗaya ba ya tona kansa nan take. Sai an yi nisa, mako ya zagayo, sannan a ga ganyen fure ya ƙi haɗuwa da reshensa. Daga nan sai warwara, ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana bincike: wa ya yi mini magana ranar Talata da la'asar? Ranar warwara ba a tambayar me aka dafa. Abin da aka ajiye maka ci za ka yi ka gode, ko da ƙanzo ya fi tuwon yawa. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, maigida ne fitila: ka tsaya da wayarka a hannu, kada ka motsa, kada ka yi atishawa.

Shi kansa zaren sarauta gare shi. Na kamfanin DMC ake so, wanda ke garin Mulhouse a Faransa tun 1746, wato kafin a haifi Shehu Ɗanfodiyo da shekara 8 mutanen nan suna harkar yadi. Kowane ƙulli mita 8 ne, sili 6 a murɗe, sai a zare biyu a zura a allura. Kaloli sun haura 400, kuma ba suna ake kiransu da shi ba, lamba ce. Baƙi 310. Ja akwai 321, akwai 666, akwai 'yan'uwansu. Shawarata ga magidanta: kada wanda ya kuskura ya ce ja ja ne. Amfani ɗaya dai zaren ya yi da ba zan ɓoye ba. Kwanukan nan na kayan ɗaki da aka jere tun ranar da aka kawo amarya, waɗanda ba su taɓa ganin miya ba, sai gogewa duk sallah, yau sun samu aikin yi. Wannan na kore ne, wancan na shuɗi.

Hajiya mahaifiyata ce ta fara zuwa duba mara lafiya. Ta karɓi ƙawanyar, ta juya gaba, ta juya baya, ta ɗaga ta saitin taga.

"Hula ce?"

Uwargida ta russuna. "A'a, Hajiya."

"Zanin gado?"

"A'a, Hajiya, ado ne kawai. A bango ake ratayewa."

Hajiya ta yi shiru har na ɗauka an wuce wurin. Can ta ce, "Bangon ne ya ce miki yana jin sanyi?"

Da na raka ta zaure sai ta tsaya, ta rage murya. "Kai, gaya mini gaskiya. Me ka yi wa yarinyar nan? Ko maganar ƙarin aure ka ɗauko mata?" A wurin Hajiya, mace mai kwanciyar hankali ba ta zama tana ƙirga huji.

Hajiya dai na yi mata uzuri, don a zamaninta allura ci da gida take. Da ɗinkin hula da saƙa mata suka yi ta zubin adashi, suka haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Har gobe a birnin Zariya akwai matan da ke zama su yi wa babbar riga aikin hannu, aska biyu ko aska takwas, su karɓi ladansu. Zanna bukar ɗin da manyanmu ke karkatawa a taro, wani ne ya sunkuya makonni a kanta yana ƙirga zare a Kano ko Maiduguri. Wadda ta tashi ta ga haka, idan ta ga allura tana tafiya ba kuɗi a bayanta, dole ta ga an ɗaure jaki a turke ana ba shi dusa ba ya zuwa ko'ina. Wannan na fahimta. Sauran tawagar ne ba ni da inda zan ajiye su.

Akwai ƙanin uwargida, wanda ya gama hidimar ƙasa yana jiran aiki, kuma tun da ya dawo bai ga abin da ba jari ba. Yana ganin ɗinkin ya miƙe tsaye. "Yaya! Kin san kuɗi kike zaune a kai? Wallahi kuɗi ne kwance!" Kafin shayinsa ya huce ya buɗe mata shafi a Instagram, ya raɗa wa kamfanin suna da Turanci, ya naɗa kansa manaja. Za a ɗauki 'yan mata 50 a koya musu, a ɗinka musu anko, a kira wani mai neman takara ya zo ya raba shaidar kammalawa, a ɗauki hoto, daga nan sai tallafi. Ta ce masa ita fa don jin daɗinta take yi. Ya dube ta da tausayi ya ce irin wannan tunanin ne ya sa aka bar Arewa a baya. Yana faɗin haka ya koma ya zauna da ƙarfi a kan kushin. Masu sayar da allurar wannan ɗinki sun ce bakinta dakusasshe ne, don ta bi huji ba tare da ta tsaga zare ba. Manaja yana da ra'ayi dabam, kuma maƙwabta sun ji ra'ayin.

Akwai kuma 'yan "ɗan yi mini". Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta ga furen da aka kwashe wata da watanni ana fama da shi, ta yi salati, ta ce wannan ai aikin inji ne. Da aka rantse mata da hannu aka yi, sai ta ce, "To Maman yara, ki ɗan yi mini irinsa guda biyu kafin bikin Asabar." Ranar Laraba ce. Wata kuma ta nuna ita ba 'yar kyauta ba ce, ta taya naira 2,000, ta ƙara da cewa don dai ana tare ne. Kuɗin bai sayi firam ɗin da aka sa hoton a ciki ba. Ka ji mutanenmu: in ka ce ba na sayarwa ba ne, a ce kana ɓarnar lokaci, in ka faɗi kuɗinsa, a ce me aka yi a ciki, ba zare ba ne kawai?

Kawu shi ta fuskar addini ya ɓullo. Ya tarar ana rabin ɗawisu, ya gyara zama, ya yi mana nasiha mai tsawo a kan hoton abu mai rai. Aka saurara da ladabi. Ɗawisu ya koma ƙasan akwati da fiffike ɗaya, aka koma fure da dagin Arewa. Da Kawu zai tafi, yana neman takalminsa, sai ya waiwayo. "Af, 'yar nan, ana iya rubutu da abin nan? To ki yi mini sunana da ajami, babba, da koren zare, in rataya a zaure. Ki sa Alhaji a gaba."

Da ƙanwata ta haihu kuwa, uwargida da bakinta ta yi alkawarin ɗinka sunan jaririya da ranar haihuwarta, za a kai ranar suna. Aka yi suna, aka yi arba'in. Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta fara kama kujera, ana harafi na uku. Ƙanwata ta daina tambaya kai tsaye, sai dai duk zuwa ta tsaya tana kallon bango tana cewa, "Allah sarki, wurin nan da an samu abin ratayawa." A nan kam na tsaya wa matata, kuma da hujja. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wani ƙyalle da wata mata, Jane Bostocke, ta ɗinka, kuma a cikin irinsa na Ingila masu ɗauke da shekara shi ne mafi tsufa da aka sani. A jikinsa ta rubuta haihuwar wata yarinya, Alice Lee, a watan Nuwamban 1596. Shekarar da ta sa kusa da sunanta ita ce 1598. Wato ita ma uwar tafiyar sai wajen yaye ta kai kayan barka, ga shi yau a gidan tarihi ana ji da shi. Na karanta wa ƙanwata wannan tarihi. Ta ce ita 'yarta ba Baturiya ba ce.

Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne majalisarmu ta bakin mai shayi, don labari ya kai can ma, ta bakin manaja. Mutum goma sha, kullum daga isha'i har sai mai shayi ya kife tukunya. Biyu suna kan dara tun zamanin da gashinsu ke baƙi, ba wanda ya taɓa cin ko goro a ciki. Sauran suna gyara Najeriya da baki, su rushe ta, su sake ginawa kafin a tashi. Akwai mutumina ɗan Arsenal, wanda ya shekara 20 cur bayan 2004 yana biyan kuɗin gidan kallo yana jiran kofin Firimiya, yana dawowa da hawan jini. Shi ne ya kaɗa kai ya ce, "Gaskiya mata suna da lokaci. A ce mutum ya zauna yana abin da ba ya kawo ko sisi?" Majalisa ta amsa da "Wallahi kuwa." Wani ya ce zaman banza ne ke kawo haka. Ya faɗa yana kishingiɗe a benci, a inda yake kishingiɗa kowane dare, har katakon ya ɗauki siffar haƙarƙarinsa.

Ban taɓa jin an aika wa ɗan dara tawaga ba. Ba a taɓa kiran matarsa zaure an tambaye ta me ta yi masa ba, ba kuma wanda ya ce ya buɗe shafi a Instagram ya koya wa matasa 50. Namiji idan ya ɓata dare, hutawa yake yi, ya wuni yana nema. Mace kuwa, bayan ta yi shara, ta yi wanki, ta sauke tukunya sau uku, ta raba faɗa, ta duba aikin makaranta, sa'a ɗayan da ta rage mata sai ta kawo rasit.

Da aka watse a daren, ina hanyar gida sai na ji takun mutum a bayana. Ɗan Arsenal ne. Ya waiga hagu da dama, ya matso. "Malam, don Allah wata magana, amma ta tsaya tsakaninmu. Madam za ta iya ɗinka tambarin kulob ɗinmu? Da igwar da komai? A falo nake son sawa."

Na isar da saƙo bayan an kai ƙarshen layi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce a gaya masa yana bayan Kawu, Kawu yana bayan jaririya, kuma zare shi zai kawo. Ta yago takarda ta rubuta masa lambobi.

Bayan kwana biyu sai ga shi da baƙar leda daga Kantin Kwari, yana murmushi, ya zazzage mini zaren tela manya-manya guda huɗu a kan benci. Na ce ina lambobin da aka rubuta maka?

Ya ce, "Haba Malam, wace irin lamba? Ja ai ja ne."