Bayani a Kan Ɗabaƙoƙin Masu Ajiye Aiki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da babban akawu a ofis, ko na En'e ne a zamanin da, ko na gwamnati, ko na kamfani, ya san cewa takardar ajiye aiki, wadda a haƙiƙa ba ta buƙatar abin da ya wuce layi uku, wato sanarwar tafiya da ranarta da kalmar godiya, ita ce takardar da ɗabi'ar ɗan Adam ta fi tonuwa a cikinta. Domin kuwa ranar neman aiki kowa salihi ne mai ladabi, amma ranar fita kowa yakan koma ga halin da aka halicce shi a kai.

Na farko cikin masu ajiye aiki shi ne ma'abucin muƙaddima. Wannan bawan Allah yakan buɗe da basmala da hamdala da salati, ya bi da gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga maigida da iyalinsa, sa'an nan ya shiga tarihin ranar da aka ɗauke shi da irin ruwan da aka yi a daminar shekarar, har shafi na uku ya cika, shugaba kuwa bai fahimci ko ƙarin girma ake nema ko rancen keke ba. Maƙasudin yana can ƙasa dab da sa hannu, a ɓoye kamar kunyar amarya.

Sai mai huce haushi, wanda ya shekara goma yana rusunawa yana cewa "ranka ya daɗe", alhali yana tara laifuffuka a zuci, da na zahiri da na baɗini. Ranar da aka yi masa alkawarin aiki a wani wuri, tun takardar ba ta zo ba, sai ya zauna bayan sallar isha'i ya zazzage su duka: hutun da aka hana shi, da ƙarin da aka ba wanda ya zo a bayansa, da gaisuwar da ba a amsa masa ba ranar ƙaramar Salla. Ba ya wadatuwa da kofe ɗaya, sai ya aika wa sakatare da ma'aji da duk wanda bai tambaya ba. Abin da ya manta shi ne fushi yana hucewa cikin kwana bakwai, fayil kuwa ba ya hucewa. Idan alkawarin nan ya tashi a tutar babu, kuma sau da yawa hakan yake tashi, sai ka gan shi da sassafe a zauren shugaban, ya jawo limamin unguwa da surukinsa don kamun ƙafa, ana cewa sharrin Shaiɗan ne, kamar Shaiɗan ne ya sayi kan sarki.

Wanda ya fi ba ni tausayi kuwa shi ne mai barazana, wanda takardarsa ta daɗe a aljihun babbar riga har ta yi laushi, ba don yana da niyyar tafiya ba, sai don a ce masa, "Haba Malam, in ka tafi wa zai riƙe mana ofis?" Sau biyu ana lallashinsa, yana mayar da ita yana cewa albarkacin manya ya haƙura. A na uku sai a yi rashin sa'a an kawo sabon shugaba wanda bai san al'adar ba, ya karanta, ya rubuta a gefe da jan alƙalami cewa an karɓa da godiya. Daga ranar zai fara yawo yana ba da labarin butulcin zamani.

Akwai mai uzuri, wanda ya rubuta cewa zai koma ƙauye ya yi noma ya kula da gyatuma, ranar Litinin kuma a hango shi a ofishin da ke tsallaken titi.

Akwai kuma mai aƙida. Shi wannan ya ji cewa Malam Aminu Kano ya bar koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru a 1950 ya rungumi gwagwarmayar NEPU, saboda haka shi ma sai ya cika takardarsa da zalunci da adalci da haƙƙin talakawa. Bambancin kawai shi ne Malam ya bar albashi tabbatacce ya shiga wahala da idonsa biyu, namu kuwa lamirinsa bai farka ba sai a makon da aka ce masu binciken kuɗi suna tafe.

Amma mai sulalewa, shi bai yarda da rubutu ba sam. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce wanda ya shekara biyar a aiki ya ba da sanarwar wata guda, ko ya biya kuɗi a madadinta. Shi kuwa hutun Babbar Salla ya tafi, da makullin sito a aljihunsa, aka yi ta aika masinja gidansa ana cewa ya fita yanzun nan. Wallahu a'alamu, ko har yau sunansa yana cikin rajista.

Ban sa mutanen 1975 cikin lissafi ba, wato ma'aikata sama da 10,000 da gwamnatin Janar Murtala ta sallama nan take, waɗansunsu a rediyo suka ji, domin su an ɗauke musu wahalar insha'i.

To, mai karatu, idan taka takardar ajiye aikin tana aljihu a halin yanzu, ina roƙonka ka bari takardar kama sabon aikin ta shigo hannunka tukuna, ka rage shafi ukun nan su koma layi uku, kuma don Allah ka miƙa makullin sito kafin ka fita.