Kifin falo ya tare a sabon gida

A wasu unguwannin masu hali na Kano da Abuja, falo bai cika falo ba yanzu sai da akwatin gilashi mai kifi a ciki. Ɗan jan kifin nan ne da Sinawa suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Aikinsa ɗaya, ya yi ta kai-kawo baƙi na cewa, "Masha Allah, Alhaji, nawa ka saye shi?"

Lafiya lau yake zaune har ranar da Alhaji ya je barka gidan abokinsa, ya ga akwatin can ya ninka nasa. Washegari sai ga a-kori-kura da mai cin lita 200. Daga nan sai a yi wa kifi tarewa irin ta amarya, komai sabo fil. Hajiya ta leƙa tsohon soson matatar ruwa, ta yatsina fuska, ta ce wa 'yar aiki, "Ke, ɗauki wannan ƙazantar ki dirje ta da omo."

To, ƙazantar nan ita ce ran kifin. A cikin soson da tsakuwar ƙasan akwati akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar amoniya da ke fita daga kashinsa. Kafin su kafu a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida. Wanda ya san kan abin yakan kwashe tsohon soso da tsakuwa da wani kaso na tsohon ruwa ya kai sabon wuri. Kifin kuma ya sa shi a leda da ruwansa, ya bar ledar tana yawo a saman sabon ruwa kamar minti 20 har ɗuminsu ya zo ɗaya. Mu kuwa da kofin roba ake kamfato shi, tsundum!

Canjin ruwa ma haka. Kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya wadatar, da ruwan da aka kashe wa kulorin. Amma tsaftarmu ba ta san rabi da rabi ba. Ko dai a manta da ruwan wata uku har ya koma kore shar, ko a zubar da shi kaf ranar da surukai za su zo.

Ga kuma karamci. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu shi ne rabonsa, amma kowane baƙo sai ya barbaɗa masa, autan gida kuma ya jefa masa lomar tuwo don kada a ce ana rowa. Da dare a ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, janareta kuwa sai Alhaji ya dawo.

Da safe a tarar da kifi ciki sama. Nan take gida ya gano musabbabi: baki ne. Maƙwabciyar nan ce da ta ce "kai, ya yi kyau" ba ta haɗa da tubarkalla ba. Kifin da kan shekara goma da kulawa, bai ga sallar layya ba.

Alhaji, a sakar wa maƙwabciya mara. In hidimar ta yi yawa, a sayi tarwada. Tana leƙowa sama ta shaƙi iska da kanta, ba ruwanta da ɗauke wuta, in ta cika akwati kuma akwai farfesu.